Yadda Ake Shirya Gasar Rage Shara a Makaranta: Daga Sikeli Zuwa Mai Saye

Kusan duk shekara sai wata ƙungiyar ɗalibai ta yunƙuro da gasar tsafta tsakanin ɗakunan kwana, kuma hanya ɗaya gasar take bi ta mutu. A manna sanarwa, a sayo tsintsiya, a yi Asabar guda ana shara, a tara tsibi a bakin ƙofa, a ɗauki hoto, a miƙa kofi ga waɗanda tsibinsu ya fi tudu. Da la'asar wani ya ƙyasta ashana. Kashegari kowa na tari, ledar da wuta ba ta ci ba kuma iska ta mayar da ita kwata. Waɗanda suka ci kofin, in an bi diddigi, su ne suka fi kowa ƙazanta, shi ya sa tsibinsu ya fi girma.

Ni mutumin Gidan Goga ne ta ƙasar Maradun, na kuwa daɗe ina cuɗanya da 'yan gwangwan da masu haɗa taki. Ƙannena da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a Talata Mafara a 2018, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ku nake rubuta wa, domin tambayoyin da kuke kawo mini iri ɗaya ne, kurakuran da nake gani a wurare dabam-dabam su ma iri ɗaya ne.

Gasar rage shara tana da asali. A 2001 jami'o'i biyu na jihar Ohio a Amurka, Jami'ar Ohio da Jami'ar Miami, suka yi gasa a kan wa zai fi tattara kayan da za a sake sarrafawa, Miami ta ci. Aka sa mata suna RecycleMania, ta bazu zuwa ɗaruruwan makarantu a Amurka da Kanada, daga baya aka sauya mata suna zuwa Campus Race to Zero Waste. Mako takwas ake yi, a Fabrairu da Maris, kowace makaranta tana kai rahoton nauyin abin da ta tara. Jami'ar Indonesiya ma tun 2010 take jera jami'o'in duniya a kan kula da muhalli a tsarin UI GreenMetric, sarrafa shara na cikin manyan ma'aunansa. Abin ɗauka a gasar ta Amurka guda ne: ba wanda ke cin maki da hoto ko da baki, sai da nauyin abin da aka tara kuma aka rubuta.

Kayan aiki

Sikelin ratayawa mai ƙugiya wanda ke ɗaukar kilo 50 ko 100, irin na masu sayen hatsi, shi ne kan gaba. In kuɗinku bai wuce na abu ɗaya ba, shi za ku saya. Sai babban littafi mai kauri da biro. Sai buhunan hatsi ko na taki da aka gama da su, masu yawa, da igiya da alƙalamin fenti na rubuta suna a jikinsu. Ganguna da aka yanke biyu sun fi kwandon roba, don rana ba ta fasa su, ba kuma a cika sace su ba. Ku tanadi baro, shebur, manjagara, safar hannu mai kauri, takunkumin hanci, takalmi rufaffe, sabulu da buta, da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne. Sai ɗaki ko rumfa mai rufi da kwaɗo. Kowane ɗan kwamiti da zai taɓa shara ya je asibiti a duba masa allurar rigakafin tetanus, wato cutar sarƙe haƙora, tun kafin gwangwani ya yanke shi.

1. Ku nemo mai saye kafin ku tara ko kwalba ɗaya

Nan yawancin gasa ke mutuwa. Ɗalibai su cika ɗaki da leda da kwali, sannan su fita neman wanda zai ɗauka, su tarar ba mai so, ko kuma kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Ƙarshenta a ƙona. Duk wanda ya wahala ya rarrabe shara sannan ya ga an cinna mata wuta ba zai sake saurarenku ba.

Ku je wurin 'yan jari bola a cikin gari ku zauna da uban gidansu, mai sikeli. Ku gaishe shi yadda ya kamata, ku tambaye shi me yake saye, nawa kilo, a wanke yake so ko a haka, nawa ne mafi ƙarancin da zai sa ya turo a ɗauka, kuma ina yake kaiwa, Gusau ko Sakkwato ko Kano. Farashi yana hawa yana sauka, don haka ku tambayi mutum biyu ko uku. Amsarsu ce za ta faɗa muku yawan gangunan da za ku ajiye. Abin da ba mai saye kuma ba mai amfani da shi a kusa, kada ku ba shi ganga tasa don kawai kun ga an yi haka a Turai.

2. Izini, da masu shara

Takarda daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, da sa hannun mai kula da gine-gine a kan ɗakin ajiya da filin taki, da sanar da masu gadi don kada a tare kaya a ƙofa. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Abin da ake mantawa shi ne su baba da inna masu share ajujuwa. Da yawansu sun daɗe suna tsince robobi da kwali suna sayarwa su cika cefane. Kuka shigo kuka kwashe ba sallama, kun taɓa abincinsu, kuma su ne suka san inda kowace shara take kwana. Ku sa biyu daga cikinsu a kwamiti, ku yanke musu kaso a rubuce tun ranar farko. Yara da almajirai masu tsince-tsince kuwa kada a sa su rarrabar shara a madadinku.

3. Awon farko

Mako biyu kafin a buɗe gasa, ba tare da wata sanarwa ba, ku auna duk sharar da kowane rukunin ɗakuna ke fitarwa. Ku kuma zazzage buhu kaɗan a kan shimfiɗa ku ga me ke ciki. Dalili: wanda bai san nauyinsa na jiya ba, ba ya da bakin cewa ya rage yau. Za ku ga abin da ya fi cika ido, wato ledar fiyawata da baƙar leda, ba shi da nauyi, abin da ya fi nauyi kuwa sauran abinci ne da ƙasa. Ƙasar nan ku tankaɗe ta ku fitar. Ba shara ba ce, tsintsiya ce ta kwaso ta, a hunturu ma abin ya fi yawa. A nan ne kuma za ku ƙidaya mutanen kowane rukuni. Ku ƙidaya masu kwana da gaske, har da 'yan raɓe, domin rajistar makaranta takan ce mutum huɗu ne a ɗakin da takwas ke kwana.

4. Dokar cin gasa

A nan zan daɗe, don duk sauran aikin a kanta ya rataya. Ma'auni uku ne, kowanne shi kaɗai yana da ɓaraka.

Na farko, kilo nawa na kayan sayarwa da na taki kowane mutum ya kawo. Misali: rukunin da ke da mutum 400 ya kawo kilo 200, wani mai mutum 100 ya kawo kilo 80. Wanda ya kalli tsibi zai ce na farko ya ci. Amma in an raba, na farko rabin kilo ne kan kowane mutum, na biyu giram 800. Ƙaramin ya ci. Ɓarakar wannan ma'auni ita ce yana saka wa mai yawan saye: wanda ya sha lemon gwangwani goma ya fi wanda ya sha ruwan randa maki.

Na biyu, kashi nawa cikin ɗari na sharar rukuni aka kuɓutar daga juji. Ku haɗa nauyin kayan sayarwa da na taki, ku raba da nauyin sharar gaba ɗaya, ku ninka da 100. Rukunin da ya fitar da kilo 300, aka sayar da 60, aka kai 90 ramin taki, ya kuɓutar da kashi 50. Ɓarakarsa: mai wayo zai ɓoye ragowar sharar a bayan katanga ko ya ƙona ta da dare don kasonsa ya hau.

Na uku, nawa sharar kowane mutum ta ragu a kan awon farko. Wannan ne ainihin manufar gasar, shi ne kuma ya fi wuyar tabbatarwa.

Shawarata a raba maki 100 haka: 40 ga raguwa, 40 ga kason da aka kuɓutar, 20 ga kilo kan kowane mutum. Sannan a rubuta hukunci ƙarara: rukunin da aka ga hayaƙin shara a harabarsa ko sabon juji a bayansa ya rasa makin makon. Wani zai ce wannan ya yi tsanani. Ni kam ban ga gasar da ta tsira ba tare da shi ba.

Abu ɗaya kuma: ƙarfe da waya da tagulla kada su ci maki ko kaɗan. Ranar da kuka sa wa ƙarfe maki, ranar ƙafafun kujeru da marfin kwata da wayar wuta za su fara ɓacewa, zargin da ake yi wa masu jari bola ya dawo kanku. In makaranta tana da tarkacen ƙarfe, dukiyarta ce, ita ke da hanyar sayar da ita.

5. Lokaci

Mako shida zuwa takwas a tsakiyar zangon karatu. Ku guji damina, daga Yuni zuwa Satumba, don kwali da takarda suna shan ruwa su yi nauyin ƙarya, mai saye kuma ya ƙi su. Ku guji makon jarrabawa. In azumi zai faɗo, a yi awon farko da gasar duka a cikinsa ko duka a wajensa, saboda sharar watan Ramadan dabam take da ta sauran watanni.

6. Rarrabewa a inda shara ke fitowa

A bakin ɗaki ake raba shara. In miya ta riga ta zuba a kan takarda, ba mai sayen ta. Galibi ganguna huɗu sun isa a kowane rukuni: abinci da ganye, robobi da leda, takarda da kwali, sai ragowa. Maimakon dogon rubutu, ku ɗaure samfurin abin a jikin gangar, roba a kan ta robobi, kwali a kan ta kwali. Mai sauri zuwa lacca ba ya tsayawa karatu.

A ɗakin ajiya ne 'yan kwamiti za su ƙara tacewa. Ku juya gindin roba ku ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku: 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, 2 jarka da robar mai kauri, 5 yawancin bokitai da kwanonin roba. Ledar fiyawata dangin lamba 4 ce. A farke ta, a zubar da sauran ruwan, a shanya, a danna a buhu dabam. Ba a narka ire-iren robobin nan tare, shi ya sa buhu mai gauraye ke faɗuwa a farashi. Gora mai lafiya da marfinta kada a taka ta, masu zoɓo da kunun aya suna sayen ta da ƙidaya, hakan ya fi awon kilo riba. Wadda ta lotse ita ake cire wa marfi a take ta don ta rage cin wuri. Gwangwani kuwa a gwada shi da maganaɗisu: na madara da na tumatir yana kamawa, na lemo ba ya kamawa don alminiyam ne, shi masu zubin tukwane ke nema, kuɗinsa ya fi.

Takarda tana da ladabinta a wurinmu. Duk wadda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a ware ta a kwali na musamman, a miƙa wa limamin masallacin makaranta ya yi abin da ya dace. Takardun jarrabawa da masu ɗauke da sunaye da lambobin mutane a yayyage su, kada gobe wani ya ga sakamakonsa an naɗe ƙosai da shi.

Akwai abubuwan da ɗalibi bai kamata ya sa hannu a kansu ba. Sharar asibitin makaranta, allura da auduga, tana da akwatinta da hanyarta; ba ta cikin gasa. A ɗakunan mata a ajiye bokiti mai marfi na audugar mata, a auna shi a rufe cikin ragowa, kuma mata ne za su kula da shi. Kwalbar maganin feshi na ƙwari ko na ciyawa, wadda ba a rasa ta a makarantar da ke da gona, a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a tankin feshi, a huda ta, kada ta kusanci masu zoɓo. Batirin waya da ya kumbura yana kama wuta in an huda ko an matse shi. A ajiye shi cikin bokitin yashi a inuwa. Babban batirin sola ko na mota kuwa kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa, a mayar wa dillalin batir a yadda yake. Dalma ce a cikinsa, mu mutanen Zamfara kuwa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba: a 2010 yara aƙalla 400 ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Ɗakin ajiyar ma a kula da shi. A ɗora buhu a kan katako, a bar rata da bango, a ɗaga kaya da manjagara kafin a sa hannu saboda kunama da maciji. Sauran abinci kada ya shiga, don yana jawo ɓera, zazzaɓin Lassa kuwa a rani ya fi yaɗuwa. Gwangwani a kife yake zama, kada ya tara ruwa sauro ya samu wurin haihuwa.

7. Ranar awo

Rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, sikeli ɗaya ga kowa, a bainar jama'a. Kafin a fara a gwada sikelin da abin da aka san nauyinsa: lita 10 ta ruwa kilo 10 ce, ban da nauyin jarkar. A auna buhu babu komai a cire nauyinsa. Wakilin wani rukuni ne zai karanta sikeli, ba mai kayan ba, su biyun kuma su sa hannu a littafi.

Dabarun maguɗi sanannu ne: a jiƙa kwali, a cusa dutse a gindin buhu, a bar ruwa a gora, a sayo robobi daga tasha, ko a zagayo da buhun da aka riga aka auna. Maganinsu, a zazzage buhu ɗaya cikin biyar ba tare da an faɗi wanne ba, a shafa fenti a duk wanda aka auna, a kulle shi nan take. In nauyin wani rukuni ya ninka a mako guda, a je a gani da ido. Kafin magariba a manna sakamako a allo a kuma tura a zauren WhatsApp, domin ganin abokan hamayya sun wuce ka da kilo biyu ya fi kowace lacca tayar da mutum.

8. Taki

Mafi nauyin sharar makaranta abinci ne, kuma a ƙasarmu shi ne bai taɓa rasa mai so ba. Manoman kewayen birnin Kano sun yi zamani suna shigo da itace a kan jakuna su koma da takin gari. A nan ma masu noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, da manoman gero da dawa na Gidan Goga da maƙwabtanta, sun san darajarsa, balle yanzu da buhun takin zamani ya gagari mutane da yawa. Abin da ba sa so shi ne takin juji mai leda da kwalba: yana yanke ƙafa, ledar kuma awaki da shanu su haɗiye. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbi.

Saboda zafinmu da iska, rami ya fi tsibi riƙe danshi. Ku haƙa biyu ko uku a inuwa, nesa da rijiya da burtsatse, zurfin kamar mita ɗaya. A shimfiɗa kara a ƙasa don iska. Sai busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa kashi biyu zuwa uku, sauran abinci da ɗanyen ganye kashi ɗaya, kashin dabbobi a kai, ɗan toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. Nama da ƙashi da mai kada su shiga, suna jawo karnuka da ƙuda. A damƙi takin a hannu: ya dunƙule ba tare da ruwa ya tsiyaya ba, danshinsa ya yi. A soka sanda a tsakiya; bayan kwana uku zuwa biyar a zaro, in ta yi zafi aiki na tafiya, zafin ne kuma ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. Sanda ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa da ɗanye. Duk mako biyu a juye shi zuwa rami na gaba. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi ƙamshin ƙasa. A lura: nauyin abincin da aka kawo bakin rami ake rubutawa a gasa, domin takin da zai fito ya ragu ƙwarai.

9. Rage ta tun daga tushe

Maki 40 na raguwa a nan ake samun su. Ɗalibin da ke shan ledar fiyawata 6 a rana yana zubar da 42 a mako. Ɗakin mutum takwas, 336. Randa ko tankin ruwa mai tsafta a kowane rukuni, kowa da gorarsa, ya share wannan lissafi. Amma a tabbatar da tsaftar ruwan tukuna, kada a rage leda a jawo kwalara. Ku yi magana da masu sayar da abinci su ɗan rage wa wanda ya zo da kwanonsa. Su ma kuɗin leda da robar zuba abinci ya ragu musu. A buga takarda gaba da baya. Jihar Legas ta haramta farin kwanon soso na zuba abinci a Janairun 2024, Ruwanda ta haramta leda tun 2008. Kwamitin ɗaki ɗaya ma yana iya kafa tasa dokar a tsakanin mutanensa.

10. Kuɗi da rufe littafi

Ku gaya wa kowa tun farko cewa kuɗin ba su da yawa. A sayar duk mako biyu, kada a jira ƙarshe, da shaidu uku, a rubuta kilo da farashi da abin da aka karɓa, a manna a allo. Kason masu shara a fara fitarwa. Kyauta kuma ta zama abin da rukuni duka zai mora, gyaran famfo ko fitilar sola a farfajiya. Kuɗi a hannun shugaba ɗaya rigima ce.

Kafin hutu a kwashe ɗakin ajiya tas, don kwali da leda a rufe cikin zafin Afrilu gobara suke jira. A damƙa ramukan taki ga mai kula da lambu ko sashen aikin gona. Sikeli da littafi a kai su ofishin harkokin ɗalibai da takardar karɓa, kuma a tabbata rabin 'yan kwamiti 'yan aji ɗaya da aji biyu ne. Alƙaluman makon ƙarshe na bana su ne awon farko na baɗi, da su kuma za ku iya aika wa Kwalejin Ilimi ta Maru ko Jami'ar Tarayya ta Gusau takardar ƙalubale, kilo kan kowane mutum, sikeli iri ɗaya, mako takwas.